Inshorar Fari a Marsabit: Nazari Kan Binciken da Ya Bar Jami'a Ya Bi Makiyaya

A watan Janairun 2010 aka fara sayar wa makiyayan Marsabit, a arewacin Kenya, wata sabuwar inshora. Mai raƙuma ko shanu ko awaki zai biya kuɗinsa tun kafin ruwa ya sauka, in fari ya tsananta a yankinsa a biya shi diyya, ba tare da wani ma'aikaci ya tako ya zo ƙirga mushe ba. Masana tattalin arzikin noma ne suka tsara ta: Andrew Mude, wanda a lokacin yake Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da Ƙasa, ILRI, da ke Nairobi, da Christopher Barrett na Jami'ar Cornell, da Michael Carter na Jami'ar Kaliforniya da ke Davis, da ɗalibar Barrett, Sommarat Chantarat, wadda ta yi yawancin lissafin. An fi sanin shirin da gajeren sunansa na Turanci, IBLI.

Ƙorafin da ake yi wa wannan fanni tsoho ne. A kwashe shekaru ana yi wa manoma da makiyaya tambayoyi, a buga sakamakon a mujallar da sai masu digirin digirgir ke buɗewa, marubucin ya sami ƙarin girma, shi ke nan. Maganin da aka saba bayarwa kuwa shi ne a matse rahoton ya koma shafi biyu, a kira taron bita, a gayyato jami'an ma'aikata. Wato ana ɗauka cewa matsalar ta rashin iya bayani ce. A ganina lamarin Marsabit ya nuna ba a nan gizo ke saƙar ba. Binciken ya yi amfani ne a wuraren da masu shi suka yarda su yi aikin da ba ya cikin aikin malamin jami'a, suka kuma yarda wasu su sauya musu abin da suka zana.

Abin da aka fara ganowa

Asalin maganar ma ba ta inshora ba ce. Tambayar da ta dami masanan ita ce: me ya sa wasu gidajen makiyaya ke farfaɗowa bayan fari, wasu kuwa ba sa sake tashi? A 2004 Travis Lybbert da Barrett da Solomon Desta da Layne Coppock suka fitar da nazarin tarihin garkunan gidaje 55 na Borana, a kudancin Habasha, daga 1980 zuwa 1997. Sun ga akwai wata iyaka, wajen shanu 10 zuwa 15 ga gida guda. Wanda fari ya bari sama da ita, a hankali garkensa kan dawo. Wanda ya faɗo ƙasa da ita sai ya yi ta zamewa har ya ƙare da 'yar saniya ɗaya, ko babu.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san kiwo a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Kiwon tafiya ce, kuma masu kora garke zuwa mashaya mai nisa da nonon dabbobin suke rayuwa a hanya. In garken bai kai ya ciyar da masu bin sa ba, tafiyar ba ta yiwuwa. Sai gidan ya yada zango a gefen gari, inda dabbobin kowa suka riga suka share ciyawa, 'yan dabbobin da suka rage su rame, haihuwa ta ragu, a sayar da ɗaya don magani, a sayar da wata don hatsi. Buhun abincin agaji da ke isowa bayan dabbobi sun mutu yana hana yunwa kashe mutum, amma ba ya mayar da shi makiyayi. Taimakon juna da al'ummomin suka gada, inda mai garke ke ara wa ɗan'uwansa dabba, an gina shi ne don masifar da ta faɗa wa mutum ɗaya. Fari kuwa kowa yake dokewa a lokaci guda.

Nan galibin bincike ke tsayawa, da jimlar nan ta ƙarshen takarda mai cewa ya kamata hukumomi su samar da hanyar kare dukiyar makiyaya. To wace hanya? Inshorar da aka sani ba za ta yi ba. Marsabit ta kusa murabba'in kilomita 70,000, ga hamadar Chalbi a cikinta, kuma a lokacin babbar hanyar da ta ratsa ta daga Isiolo zuwa Moyale ba a gama zuba mata kwalta ba. Kuɗin aika ma'aikaci ya tabbatar akuya ta mutu, kuma fari ne ya kashe ta ba sakaci ba, ya ninka kuɗin akuyar.

Daga hoton ciyawa zuwa takardar yarjejeniya

Dabarar da suka ɓullo da ita ta haɗa abubuwa biyu da dama can suna nan, babu mai haɗa su. Na farko, tun farkon shekarun 1980 taurarin ɗan Adam na Amurka ke auna koren tsirrai a doron ƙasa, ana fitar da sakamakon duk kwana 10, kyauta. Na biyu, wani shirin gwamnatin Kenya na kula da yankuna masu ƙarancin ruwa ya jima yana tattara bayanan mutuwar dabbobi daga gidajen makiyaya wata-wata. Da aka jera biyun gefe da gefe, sai aka iya fitar da ma'auni: in koren ciyawa ya yi ƙasa da abin da aka saba gani da kaza, ana sa ran kashi kaza na dabbobin yankin za su mutu. Makiyayi ba zai iya murɗe hoton tauraro ba, kamfani ma haka.

Ga yadda yarjejeniyar farko take. Saniya ɗaya ita ce ma'aunin ƙirga. Awaki ko tumaki 10 daidai suke da ita, raƙumi kuwa 1.4. An ƙiyasta kowace saniya a kan shilin 15,000 na Kenya. Kuɗin shiga na shekara kashi 5.5 cikin 100 ne a arewacin gundumar, inda fari ya fi muni, kashi 3.25 a kudancinta. Diyya ba ta fara aiki sai ma'aunin ya nuna mutuwar da ta haura kashi 15, kuma abin da ya hau kan 15 ɗin kaɗai ake biya.

A ɗauki misalin mai shanu 10 a arewacin gundumar. Darajar garkensa 150,000, zai biya 8,250. In ma'auni ya nuna 33, za a ba shi kashi 18, wato 27,000. In ya nuna 18, rabonsa 4,500, abin da bai kai kuɗin da ya zuba ba. In kuwa ya tsaya a 14, ko sisi ba zai gani ba, ko da rabin shanunsa sun zube a gabansa. Duk wata rigimar da ta biyo baya tana cikin wannan lissafi.

Aikin da babu mujallar da za ta buga

Zana yarjejeniya a kwamfuta shi ne mai sauƙin. Sai da aka shawo kan hukumar kula da inshora ta Kenya ta amince da hajar da ba ta da gurbi a tsarinta. Sai da aka sami kamfanin inshora na UAP ya ɗauki nauyin biyan diyya, reshen inshora na bankin Equity ya ɗauki sayarwa, kamfanin Swiss Re na Suwizalan ya tsaya musu a baya, domin fari ɗaya na iya sa duk masu inshorar su cancanci biya a rana guda. Kowanne cikinsu yana da tambayoyin da masanin jami'a bai saba amsawa ba: nawa wakili zai samu a kan kowace takarda, ina za a ajiye kuɗi a garin da babu banki, wa zai amsa wa jama'a in suka zo a fusace.

Sannan ga aikin fahimtar da mutanen da mafi yawansu ba su taɓa sayen inshora kowace iri ba, kuma harsunansu daban-daban, Borana da Gabra da Rendille da Samburu da Turkana. Masanan sun ƙirƙiro wasa. A zauna da makiyaya, a ba kowa 'yan ƙwayoyi a matsayin garkensa, a zaro ƙuri'a daga jaka ta nuna ko daminar bana ta yi kyau, a sake zaro wata ta nuna sa'ar mutum shi kaɗai, sai a ƙara masa dabbobi ko a rage. Bayan zagaye da yawa sai a shigo da inshora, mutum ya ga da idonsa shekarar da ya biya bai sami komai ba, da shekarar da ta cece shi. An horar da mutanen ƙauyukan su zama masu tallata shirin, an yi amfani da rediyo da zane-zane.

An keɓe lokacin sayarwa sau biyu a shekara, Janairu zuwa Fabrairu da Agusta zuwa Satumba, gab da kowace damina, don kada mutum ya jira sai ya ga alamar fari sannan ya saya. Abin dariya, binciken da aka yi daga baya ya nuna duk da haka makiyayan sun fi saye a lokacin da suke hangen shekarar za ta yi wuya. Sun daɗe suna karanta sararin sama kafin a harba tauraro.

A zagayen farko an sayar da takardu kusan 2,000, kowa ya yi murna. Daga nan ciniki ya yi ta raguwa. Sau biyu a shekarun farko lokacin sayarwa ya zo ya wuce ba a fita kasuwa ba saboda matsalolin shiri, kuma babu abin da ke kashe amana kamar mutum ya zo sabunta takardarsa ya tarar babu mai karɓa. Sai ga farin 2011, wanda ya kai ga ayyana yunwa a Somaliya. A watan Oktoba aka biya makiyaya kusan 650 a Marsabit, ma'auni ya nuna mutuwar kashi 18 zuwa 33 gwargwadon yanki. Aka ɗauka ganin kuɗi a hannun maƙwabci zai sa jama'a su yi tururuwa. Hakan bai faru yadda aka yi fata ba.

Abin da ya raba wannan shiri da yawancin irinsa shi ne tun kafin a sayar da takarda ko ɗaya, a ƙarshen 2009, an fara bin gidaje 924 ana yi musu tambayoyi duk shekara. An kuma raba wa wasu takardun rangwame ta hanyar ƙuri'a, daga kashi 10 zuwa 60. Rangwamen ya yi aiki biyu: ya nuna yadda farashi ke korar mai saye, ya kuma ba da damar kwatanta wanda ya saya da wanda bai saya ba, ba tare da an ruɗe da cewa masu hali ko masu wayo ne dama ke saye.

Wasu sakamakon sun yi daɗi. Sarah Janzen da Carter sun duba abin da gidaje suka ce za su yi bayan biyan 2011: masu ɗan hali da ke da inshora sun rage niyyar karyar da dabbobinsu a kasuwar da farashi ya faɗi warwas, marasa hali kuma sun rage niyyar tsallake cin abinci. A lura, niyya aka auna. Wani nazarin ya nuna masu inshora sun fi kashe kuɗi a kan maganin dabbobi, sun fi samun kuɗin nono.

Sai kuma wanda bai yi daɗi ba. A 2016 Nathaniel Jensen da Barrett da Mude suka buga cewa ma'aunin yana kama babban ɓangare na asarar da ke faɗa wa yanki baki ɗaya, amma asarar da ta keɓanta da gida guda, ta cuta ko namun daji ko hari ko rashin sa'ar mashaya, ta fi girman yadda aka zata. A taƙaice, mai inshora yana nan ɗauke da kimanin kashi 69 cikin 100 na haɗarin babbar asara da yake da shi tun farko. Waɗanda suka ƙera hajar ne suka rubuta wannan da sunayensu, alhali ana kan sayar da ita. Ni a wurina wannan takarda ta fi lambar yabon Borlaug ta binciken noma da Mude ya karɓa a wannan shekarar nauyi. Ita ta nuna cewa makiyayin da ya ƙi sabunta takardarsa ba jahilci ke damun sa ba, lissafi ya yi.

Inda aka sauya zanen

Sauyi uku suka biyo baya, kuma babu wanda ya fito daga tsarin farko.

Da aka nufi Wajir, a arewa maso gabashin Kenya, inda kusan kowa Musulmi ne, sai maganar halasci ta taso: riba, da rashin tabbas a ciniki, da kama da caca. Masana tattalin arziki ba su da ta cewa a nan. Kamfanin Takaful Insurance of Africa ya sake gina shirin a 2013 bisa tsarin takaful: abin da kowa ya zuba gudummawa ce ga asusun taimakon juna, kamfani wakili ne mai karɓar ladan gudanarwa, rarar da ta saura kuma ta masu asusun ce. A watan Maris na 2014 aka biya makiyaya 101 a Wajir.

A Borana ta Habasha, inda aka fara a 2012 da kamfanin inshora na Oromiya, babu tarin bayanan mutuwar dabbobi irin na Kenya. Dole aka jingina ma'aunin da ƙarancin ciyawa kawai. Wannan rashi ne ya share hanyar sauyi mafi muhimmanci. Makiyaya sun daɗe suna cewa kuɗin da ke zuwa bayan rani ya gama ɓarna bai da amfanin wanda zai zo dabba na da sauran numfashi. A 2015 aka juya tsarin: da zarar damina ta ƙare kuma hoto ya nuna ciyawa ba ta fito ba, sai a biya, mutum ya sayi abincin dabbobi da ruwa da magani, ko ya yi hayar mota ya kwashe su. Raya saniya ya fi sayen sabuwa araha nesa ba kusa ba, ballantana bayan fari, lokacin da kowa ke neman saye. Wani ɓangare na kyakkyawan lissafin da aka sha wahalarsa, mai hasashen yawan mutuwa, haka aka ajiye shi.

Na uku shi ne shigowar gwamnati. A watan Oktoban 2015, da taimakon Bankin Duniya, Kenya ta ƙaddamar da nata shirin, KLIP, a Wajir da Turkana, tana biya wa gidaje marasa ƙarfi cikakken kuɗin inshorar dabbobin da suka kai ƙimar shanu 5. A Fabrairun 2017 aka sanar da biyan shilin miliyan 215 ga gidaje sama da 12,000 a gundumomi 6, wasu ta wayar hannu. A 2022 Bankin Duniya ya amince da shirin DRIVE, wanda ya ɗauki dabarar zuwa ƙasashe huɗu, Kenya da Habasha da Somaliya da Jibuti, daidai lokacin da yankin ke cikin jerin damuna biyar da suka gaza.

Wa ya yi amfani da binciken?

An fara ne da tunanin makiyayi zai zaro kuɗi daga aljihunsa ya saya, kamfanoni su ci riba, abin ya tsaya da ƙafarsa. Wannan bai tabbata ba. Sayen ganin dama ya kasance kaɗan, da yawa sukan saya sau ɗaya su bari, kuma kai haja ga mutanen da ke warwatse a daji yana da tsada. Babban mai sayen ya zama gwamnati da masu ba da agaji, waɗanda suka ga hanyar da kuɗi zai isa da wuri, bisa ƙa'idar da aka amince da ita tun kafin fari, maimakon a jira hotunan mushe su fito a talabijin sannan a fara roƙo. Su ma ba su tsira daga matsala ba: an samu jinkirin biya, an kuma samu gidajen da aka yi wa inshora ba su ma san yadda take aiki ba.

Yana da kyau a duba abin da ya ba masanan damar daɗewa a kan abu ɗaya fiye da shekara 10. ILRI ba jami'a ba ce, ana auna ma'aikatanta da abin da ya sauya a ƙasa, don haka Mude zai iya kwashe watanni yana zarya tsakanin ofisoshin kamfanoni ba a ce ya bar aikinsa ba. Malaman jami'ar kuma ba sadaka suka yi ba: bayanan gidaje 924 sun haifar da kundayen digiri da takardu masu yawa a manyan mujallu. Kowa ya sami abin da ma'aikatarsa ke biya a kai. Ga kuma masu ba da kuɗi daga Birtaniya da Amurka da Ostireliya da Tarayyar Turai da suka jure zagaye bayan zagaye. Matashin malami da ke da tallafin shekara 2 da wa'adin ƙarin girma a wuyansa ba zai iya kwaikwayon wannan ba, komai kyan niyyarsa, kuma rashin adalci ne a nuna masa Marsabit a ce me ya hana shi.

Akwai kuma abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a zuciya. Yawancin hujjojin amfanin shirin daga hannun waɗanda suka ƙirƙire shi ko ɗalibansu suka fito. Rabon rangwame ta ƙuri'a da buɗe bayanan ga kowa sun rage wannan damuwa, ba su kawar da ita ba. Masanin da ya shiga kasuwa da hajarsa ya zama mai ruwa da tsaki, kuma wannan farashi ne da duk mai son bincikensa ya yi aiki a waje zai biya.

Bayan kusan shekara 10 da fara sayarwa, an koma gidajen da aka fara bi a Marsabit da Borana don a ga inda suka kwana. Ba a ga wani bambanci na a zo a gani a girman garke ko kuɗin shiga tsakanin masu inshora da marasa ita ba, alhali kare garke shi ne dalilin kafa shirin. Bambancin ya fito a wasu wurare biyu. Gidajen da suka sayi inshora a shekarun farko sun karkata daga awaki da tumaki zuwa manyan dabbobi, kuma yaransu sun fi nisa a karatu. Bayanin da masu binciken suka fi karkata gare shi shi ne ƙananan dabbobi ajiya ce ta ko-ta-kwana, wadda ake sayarwa da sauri in rana ta ɓaci, kuma yara ne ke kiwon su. Gidan da ya sami wata madogara sai ya rage su, yaron da zai bi awaki ya tafi aji.